Shekarar da Gishiri Ya Yi Zufa

Bana ma yayyafi ya riga ruwa zuwa. Wata Talata bayan azahar gari ya yi luf, hadari ya taso daga gabas ya yi baƙi ƙirin, yara suka fito tsakar gida suna tsalle. Abin da ya zubo ko tabarmar da na manta a waje bai jiƙa ba. Ƙamshin ƙasa ya tashi, ya ɗan jima, ya wuce. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan sama fes, zafi kuwa ko kaji ba sa barin gindin randa sai la'asar.

A Ƙanƙara muke yanzu, shekara ta huɗu ke nan, cikin ɗaki biyu da ƙanen mijina ya ba mu. Ƙauyenmu yana can tsakanin Daudawa da Faskari, ba mai kwana a cikinsa, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san dalili. Malam, mijina, ya samu aron 'yar gona a hanyar Pauwa. Kullum da hantsi zai zauna da faifan iri a cinya da rediyo a kunne, yana jira a gaya masa ranar da zai shuka. Ɗan mutumin da gari guda ke jiran bakinsa, yau shi ke jiran bakin akwati.

Hadiza autata ta zo mana hutun ƙarshen mako. Malamar makaranta ce, labarin ƙasa take koyarwa, kuma tun tana ƙarama ba a yi mata gajeriyar tambaya a samu gajeriyar amsa. Ina tsince zogale, ubanta yana mitar yayyafin nan, sai ta ciro waya ta nuna masa wani hoto mai shuɗi da ja.

"Baba, wannan jan da kake gani teku ne. Ruwan da ke sauka gonarka daga can shike tasowa, kudu da Ikko. In bazara ta gasa ƙasa, teku kuwa na da sanyi-sanyi, sai iska ta kwaso damshi ta yo arewa da shi. To in tekun ya yi ɗumi hiye da yadda ya saba, iskar ba ta da ƙarhin tahowa. Hadarin sai shi zubar da kayanshi can bakin ruwa, mu a bar mu da ƙamshi."

Malam ya ce, "To wa ke hura mashi wuta?"

"Duniya duka, Baba. Hayaƙin injuna na riƙe zahi a sama, mahi yawan zahin kuma teku ke haɗiye shi. Masana na auna ɗuminshi da na'urori masu yawo bisa ruwa. Da suka jera shekarun da tekunan kudu suka yi ɗumi, suka jera shekarun da damina ta gaza nan, sai suka ga tare suke tahiya. Har babban farin nan da kuke ba mu labari." Ta juyo wajena. "Iya, ki ɗauka tukunya ce bisa murhu. Tururinta ne ruwan sama."

Na ce to. Gabana bai faɗi ba, ban ji komai ba, sai dai na lura ganyen nake zubarwa a shara, karan nake tarawa a kwano. Sama da shekara arba'in ke nan na yarda cewa ni na jawo wa ƙauyenmu asarar iri a shekarar babban farin nan, da tururin tukunya, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, har Malam.

Surukina, uban Malam, Baba Mai-Kantu ake ce masa. Ba Sarkin Noma ba ne, ba kuma malami ba, amma a ƙauyenmu ba a yin binne sai ya ce a yi. Binne shi ne a shuka gero cikin busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, domin ruwan farko ya tarar da iri yana jiransa. Wanda ya dace yakan ci sabon gero tun maƙwabta suna cin na bara. Amma abin yana da rana. In ka yi wuri, zabi da tururuwa su tone, ko ɗan yayyafi ya ruɗi irin ya tsiro rana ta ƙone shi. In ka makara, ba binne ka yi ba, shuka ka yi kamar kowa.

Wasu suna duban zuwan shamuwa, wasu tohon tsamiya. Baba gishiri yake duba. Yana da wani kantu, wato dunƙulen gishiri, da ya gada wurin ubansa, an ɗaure shi da tsirkiyar fata an rataye a tsaikon ɗaki. Duk rani gishirin yana bushe ƙamas. Ranar da iskar damina ta fara shigowa ƙasar, tun ido bai ga komai a sama ba, sai kantun ya yi zufa. Baba zai shafa da tafin hannu, ya lasa, ya fito ya ce a ɗauki sungumi. Daga ranar zuwa ruwa mai ƙarfi ba ya wuce kwana bakwai, in ya yi nisa goma. Tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin ya saɓa ba. Har Maguzawan da ke zaune gindin dutse, waɗanda ke da nasu hanyoyin, sukan aiko mutum ya durƙusa a zaure ya tambaya ko gishiri ya yi magana.

Ni 'yar garin Mabai ce, shekarata ɗaya da rabi a gidan. Na san labarin kantun kamar yadda kowa ya sani, amma ban taɓa ganinsa ba, kuma na ɗauka a turakar Baba yake. Wa zan tambaya? Suruki ba abokin hira ba ne. In na hango shi a hanyar rijiya sai in ratse cikin gona. Gaisuwa daga bayan zana nake yi, a durƙushe, da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji. Inna, matarsa, har tsokanata take yi, wai in Baba ya yi tari a zaure ni nake shaƙewa a madafa.

A tsakiyar bazarar shekarar na haihu, 'ya mace, haihuwar fari. Uwata ta rasu tun ina ƙarama, don haka ban je wankan gida ba, Inna ce ta riƙe ni. Wankan jego a shekarar ba ƙaramin aiki ba ne, domin daminar bara ma ba ta yi kyau ba, rijiyoyin cikin gari duk sun ƙafe, sai ta fadama. Malam zai yi sammako ya ɗebo tulu huɗu, ya faso itace. Inna ta ɗora babbar tukunya, ruwa ya tafasa har yana tsalle, ta kai ni makewayi, ta tsoma reshen bedi ta yi ta fyaɗa mini har sai jikina ya yi ja. In fito in sha kunun kanwa, in kwanta, zufa na bin tabarma. Da la'asar a maimaita. Ana cikin zafin da kare ke neman inuwar rumbu, ni ana dafa ni sau biyu a rana, kuma ban isa in ce uffan ba.

Ina kwana ashirin da uku aka aiko wan Inna ya rasu a Sabuwa. Za ta yi kwana uku. Tana ɗaure ƙunshinta tana ja mini kunne.

"Kada ki kuskura ki tsallake wanka ko ɗaya. Sanyi in ya shiga mai jego ba shi hita. Na ce ma maƙwabciyarmu Ta-Mabuga ta riƙa zuwa da sahe, na marece kuwa ke da kanki, ai ba yarinya ba ce."

Ranar farko lafiya lau. Rana ta biyu da azahar guguwa ta ratsa gidan, ta kwashe kwanoni, ta kwantar da zanan makewayi gaba ɗaya, ya zama duk wanda ya bi hanyar bayan gida zai ga ciki. Maza duk suna fadama suna yasar rijiya. La'asar ta yi, tukunyata ta tafasa da itacen da Malam ya sha wuya a kansa, na tsaya ina waige-waige ina neman wurin da ke da ƙofa. Ɗakina jaririya na barci a ciki. Na Inna ta sa kwaɗo. Sai idona ya kai kan wani ɗan zagayayyen ɗaki a bayan rumbuna, mai asabari a baki, wanda ban taɓa shiga ba. Na leƙa, duhu-duhu, tukwanen iri jere a gefen bango an toshe bakinsu da laka. Tsakiya fili.

Na yi sawu uku ina kai ruwan da daro. Na saki asabari, na tokare shi da dutse. Ɗakin ƙarami ne, ba taga, nan da nan tururi ya cika shi har ba na ganin hannuna. Zan faɗi gaskiya, ban taɓa jin daɗin wanka kamar na ranar ba. Ba mai fyaɗa mini da ƙarfi, ba mai cewa in juya. Na daɗe. Da na gama na share wurin, na ɗebo busasshen rairayi na zuba a kan damshin, na tsince ganyen bedi, na fito ina ganin na yi dabara. Ban ɗaga kai na dubi tsaiko ba ko sau ɗaya.

Washegari bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ina zaune bakin ƙofa ina shayar da yarinya, na ji an ɗaga asabarin ɗakin. Na ji tarin Baba. Sai ya ƙwala wa Malam kira, shi da ba ya ɗaga murya.

"Zo ka taɓa! Alhamdu lillahi. Gishiri ya yi zuffa. Tun da nike ban ga ya yi irin ta ba, har ɗiga shike. Bana Allah ya tuna da mu."

Nan take na gane. Ba wani tunani na yi ba, gane shi kawai na yi, kamar yadda mutum ke gane ya taka ƙaya. Yarinya ta ci gaba da tsotso. Malam ya fito daga ɗakin yana lasar yatsa yana dariya, ya wuce ni da gudu zuwa gidan mai unguwa.

An sha tambayata a raina me ya hana ni magana, ni ce mai tambayar, ni ce mai amsar. Me zan ce? In ce wa uban mijina na tuɓe a ɗakinsa, a gaban irin gidansa? Bakin da bai taɓa haɗa masa kalma biyar ba? Ko Malam ɗin, a lokacin ban iya kallon idonsa da rana ba, balle in ce masa ya je ya ƙaryata ubansa a gaban gari. Na ce bari Inna ta dawo, ita mace ce, ita za ta san yadda za ta shigar da maganar. Kafin hantsi maroƙi ya zaga gari da ganga. Kafin azahar an fasa bakin tukwane.

Kwana uku aka yi ana binne. Maza a gaba da sungumi suna sara, ƙasa na tashi fara fat, mata da yara a baya da ƙoƙon iri, a jefa, a rufe da diddige. An yi gayya, daga gonar wannan a wuce ta wancan. Ni mai jego ce, ban je ba, aka bar ni da damun fura. Daga tsakar gida ina jiyo waƙarsu. Da yamma su dawo fururu, leɓɓa a tsage, suna raha. Tunda an ce gishirin har ɗiga yake, kowa ya ce bana babbar damina ce, ba wanda ya rage iri kamar yadda aka saba ragewa. Wasu har geron ci suka ƙara. Maguzawa ma suka bi.

Zaman makoki ya riƙe Inna, ba ta dawo ba sai ranar da aka gama. Ta same ni ina wanke ƙore, ta duba idona, ta matsa mini ƙafa ta ga ba kumburi, ta ce, "Madalla, ba ki yi wasa da wanka ba." Na buɗe baki, na rufe. Iri ya riga ya shiga ƙasa, magana ba za ta tono shi ba. Na ce wa kaina ai lokacin ma ya kusa, wataƙila ruwan ya zo ya rufa mini asiri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kwana bakwai suka wuce. Goma suka wuce. Kowace la'asar mutane su fito bakin gari su dubi gabas. Wata rana hadari ya haɗu, a ji tsawa can nesa, iska ta taso ta watsa shi. Zabi suka gane gonaki, suna bin layin sungumi rami bayan rami kamar an nuna musu. Tururuwa ta yi hanya, kowace da ƙwaya a baki. Aka sa yara gadi da gwangwani, amma wa zai yi gadin tururuwa? Ran kwana sha tara aka yi yayyafi irin wanda aka yi bana. Abin da ya rage a ƙasa ya ji damshi ya tsiro, siriri kamar allura. Kwana biyar yana tsaye. Ya yi rawaya, ya kwanta, iska ta ɗauke.

Aka fita roƙon ruwa sau uku, riguna a juye, ba takalmi. Malam ya ba ni labari cewa a fita ta uku, da aka zo jera sahu, mutumin da ke kusa da Baba ya matsa ya bar gurbi tsakaninsu. Da aka shafa, wani dattijo da suka tashi tare tun suna yara ya tsaya gabansa ya ce, "Mai-Kantu, gishirinka ya cinye mamu iri." Baba ya juya. Ya ɗauki sandarsa ya dawo gida.

Ruwan gaskiya bai zo ba sai bayan fiye da wata guda. Aka shuka abin da aka iya samu, tsintar gindin tukunya, da ɗan abin da dangi suka aiko daga Sabuwa a ƙullin zane. Rabin gonaki aka bar su haka nan. Wanda aka shuka ɗin ma ruwan yana zuwa ne kamar ana roƙonsa, yau kaɗan, sai bayan kwana goma. Gero ya kai ƙugu, ya fara ciki, ruwa ya ɗauke. Haka aka tsaya ana kallonsa yana bushewa a tsaye. Na ji a bakin masu zuwa kasuwa cewa ko'ina haka ne, har can arewa inda shanu ke mutuwa a bakin hanya. Amma a ƙauyenmu ba a cewa shekarar fari. Shekarar binnen Mai-Kantu ake cewa.

Yunwa ba ta shigo da hayaniya ba. Da farko aka daina kunun safe. Daga baya tuwon rana ya koma na dare kawai, daga baya ya koma abin da ba shi da suna, dusa da ganyen tafasa a dama a sha. Mukan fita da Inna da sassafe mu tsinko yaɗiya da rama tun wasu ba su riga mu ba. Aka sayar da awaki ɗaya bayan ɗaya a sayo garin rogo, wanda ke cika ciki ya bar ƙafa tana rawa. Yara suka daina wasa. Abin da na fi tunawa shi ne shirun gari da hantsi, domin ba gidan da ake daka. Malam da samarin gari suka tafi kudu neman aikin ƙarfi, aka bar mu mata da tsofaffi.

Wata safiya Baba ya shiga ɗakin nan ya kwance kantun. Ya fito da shi rungume, ya ajiye a bakin madafa ya ce wa Inna, "A sa miya." Inna ta dube shi, ta dubi gishirin. Da muciya da dutse ta riƙa ɓantara. Shi muka ci duk tsawon yunwar nan. Kowace loma na san abin da ke cikinta, kuma na haɗiye, domin yunwa ba ta san kunya ba.

Nonona ya fara raguwa tun kafin gero ya bushe. Inna ta jiƙa mini saiwoyi, ta hana kanta rabonta ta ba ni, bai dawo ba. Muka gwada yarinyar da ruwan dusa. Ta daina kuka, sai kallo. Ta rasu wata Alhamis da hantsi tana da wata biyar, ubanta ba ya gari. Baba ne ya ɗauke ta a hannu ya kai ta, 'yar abin ba ta kai nauyin damin kara ba. Ban yi kuka ba. Mata suka yi ta yaba mini, wai yarinya ƙarama da tawakkali irin na manya. Ba tawakkali ba ne. Gani nake hukunci ne ya zo gidan da ya dace, kuma wanda aka yi wa hukunci daidai ba shi da bakin kuka. Tun daga ranar wani wuri a cikina ya mutu mus, irin yadda ƙafa ke yi in an daɗe zaune a kanta, sai dai ita ƙafa takan dawo.

Shekaru suka gyaru daga baya, a hankali. Na haifi wasu, shida suka rayu. Amma Baba bai ƙara cewa komai a kan sama ba. In hadari ya taso sai ya shige ɗaki. Yakan wuni a gindin ɗorawar ƙofar gida yana tufkar igiya, mutane su wuce su yi masa gaisuwar da ba a tsayawa. Yara suka yi masa waƙa, ba zan maimaita ta ba. Aka koma kowa ya yi binne ranar da ya ga dama, wasu su dace, wasu su yi asara, ba mai zargin kowa. Shekara shida ya yi a haka ya rasu, mutumin da a da ake cire takalmi tun daga bakin zaurensa.

Yanzu ba mai rataye gishiri. Ruwan ma ya canza hali: ko ya ƙi zuwa, ko ya zo a fusace cikin yini ɗaya ya kwashe katanga da shuka, sannan ya ɓace mako uku. Hadiza ta ce wannan ma da hannun teku a ciki, wai iska mai ɗumi ta fi ɗaukar ruwa, in ta tashi saki sai ta saki gaba ɗaya. Ni dai teku ban taɓa ganinsa ba, kuma ba na jin zan gan shi.

Ranar Lahadi tana haɗa jakarta, ubanta ya tafi masallaci sallar azahar, na tsaya a bakin ƙofa na yi kamar ina gyara labule.

"Hadiza, shekarar nan da kika ce. Da a ce an jinkirta binne da wata guda, da an ci?"

Ta ɗan yi tunani. Abin da nake so da yarinyar nan, ba ta cewa ta sani in ba ta sani ba.

"Gonar dai da wuya ta yi, Iya, ko yaushe aka shuka. Daga nan har bakin teku na yamma ba wanda ya ci daminar kirki, kuma ba duka ke da kantu ba. Amma da an rage iri, wataƙila da an shuke gonakin duka, a samu ɗan abin da ya hi wanda aka samu. Ko ya isa, ko bai isa ba, wannan ban sani ba. Teku na hwaɗa maki yadda shekara za ta kasance, ba shi hwaɗa maki gida-gida. Mi ya sa kika tambaya?"

Na ce ba komai. Na sa mata daddawa da kuka a leda, na raka ta bakin titi.

To ga shi nan. Fari ba nawa ba ne, na teku ne. Iri kuwa har yanzu ba wanda ya karɓe shi daga hannuna. Na kwana biyu ina juya abin, na ga in na mutu da shi, sunan Baba zai tafi a yadda aka bar shi, kuma mutum ɗaya ne ya rage a duniya da abin ya dama.

Ranar Talata da hantsi na sami Malam a inuwar katanga. Na zauna a ƙasa kusa da shi, abin da ban saba yi da rana ba. Na gaya masa duka, tun daga guguwar da ta kayar da zana har zuwa rairayin da na zuba. Muryata ba ta yi rawa ba, kamar labarin wata nake bayarwa. Da na gama na ce, "Gishirin Baba bai yi ƙarya ba. Ni ce."

Bai ɗago ba. Ya daɗe yana murza ƙwayar gero tsakanin yatsu.

"Ai Baba ya sani," ya ce.

Na ɗago na dube shi, ya ci gaba.

"Ran da aka gama binne ya shiga gyara tukwane, tunda duk sun zama wohi. Ya jawo ta ƙarshe, ya iske ganyen bedi ukku bayanta, dahwahhe. Ya taɓa ƙasa ya ji damshi ƙarƙashin rairayi. Gidan kuma mai jego ɗaya ce. Ya kira ni ya nuna mani, ya zuba ganyen aljihu."

"Ya ce mi?"

"Ya ce in aka ce gishiri ya yi ƙarya, tsoho ɗaya ne za shi sha, kuma ya kusa tahiya. In aka ce ke ce, ba ki ƙara ɗiban ruwa rijiyar garin nan. Ya ce kuma kada in kuskura ki san ya sani, don in kika sani, kunya ba ta barinki ki kwana gidan, ga ki ba uwa."

"Bayan ya rasu hwa? Shekara talatin da wani abu, Malam."

Sai a lokacin ya dube ni.

"Na ga ba ki taɓa tada maganar ba," ya ce. "Na ɗauka kin manta."

Na zauna ina jira in ji wani abu, fushi ko sauƙi ko hawaye. Ba abin da ya zo. Abu ɗaya ne kawai ya taso mini. A shekaru shidan nan da Baba ya yi a gindin ɗorawa, Inna ƙafa ta hana ta tafiya, ni ce mai kai masa tuwo, safe da yamma. In durƙusa nesa, in tura akushin, kaina a ƙasa. Bai taɓa tsallake rana ba, kullum sai ya ajiye igiyar ya ce, "Allah shi yi maki albarka, ɗiyata." Ni kuma in amsa amin a maƙoshi in tashi da sauri, ina cewa a raina da ya san wadda yake sa wa albarka da bai ɓata bakinsa ba. Ashe duk ranar Allah ya san ko wace ce.